Kayan Da Aka Saya Ba A Mayarwa: Ina Gaskiyar Wannan Magana?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa karɓar rasit a kantin tufafi, in dai ya kula da kyau, zai ga wani ɗan rubutu a can ƙasan takardar, galibi da Turanci kuma da ƙananan baƙaƙe, wanda ma'anarsa ita ce kayan da aka saya lafiya lau ba a mayar da su, ba a kuma mayar da kuɗi. Waɗansu masu kantuna ba su tsaya ga rasit ba, har allo suke kafawa a bakin ƙofa. A Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari ta Kano kuwa sau da yawa ba a bukatar allo, domin maganar tana bakin yaron kanti, da ka dawo da ƙunshi a hannu zai tarye ka da ita tun kafin ka gama sallama.

Wannan 'yar magana ta sha raba abokan ciniki na shekara da shekaru, musamman a goman ƙarshe na watan azumi da lokacin haɗa lefe, sa'ad da magidanci yake kashe kuɗin da ya yi wata da watanni yana tarawa cikin yini guda. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san iyakar ƙarfinta, ya san inda take da gaskiya da inda ba ta da ita.

ABIN DA DOKA TA CE

A farkon shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin mai saye, wadda Majalisar Tarayya ta zartar a 2018. Ita ce ta kafa hukumar da ake kira FCCPC a taƙaice, mai hedkwata a Abuja, wadda ta gaji tsohuwar majalisar kare mai saye da aka kafa da dokar soja ta 1992. A ƙarƙashin wannan doka, mai saye yana da haƙƙin a sayar masa da kaya masu nagarta, marasa aibi, waɗanda za su yi aikin da aka san irinsu da shi. Idan kayan suka gaza haka, yana da ikon mayar da su cikin wata uku daga ranar da ya karɓa, ba tare da an ci shi tara ba, shi kuwa mai kaya sai ya gyara, ko ya musanya, ko ya mayar da kuɗi. Har ila yau, wanda aka aiko wa kayan da bai sami damar dubawa ba kafin su iso, ya kuma tarar sun saɓa wa siffar da aka faɗa masa ko samfurin da aka nuna masa, yana da ikon ƙin karɓa. Dokar ba ta yarda ɗan kasuwa ya rubuta wani sharaɗi da zai kwaɓe wa mai saye waɗannan haƙƙoƙi ba, don haka allon bakin ƙofa, komai girman baƙaƙensa, ba ya shafe su. Hukumar da kanta ta sha bayyana cewa ƙa'idar nan ta ba a mayar da kuɗi ko ta halin ƙaƙa ta saɓa wa doka.

To amma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Abin da doka ta tsaya wa mai saye a kai shi ne aibi da yaudara. Turmin atamfa da aka buɗe aka tarar da huda a tsakiya, ko shaddar da aka ce ta Turai ce ta zama ba ita ba, ko rigar da ɗinkinta ya warware ranar da aka fara sa ta, waɗannan duka doka tana bayan mai saye. Amma mutumin da ya shiga kanti da ƙafarsa, ya ɗaga riga ya juya ta, ya biya, ya je gida ya tarar ta matse shi a hammata, ko uwargida ta ce launin bai yi mata ba, wannan ba shi da wata hujja mai ƙarfi a gaban hukuma. Rigar ba ta da laifi, ba tasa ba ce kawai. Idan mai kanti ya karɓa, alheri ya yi. Idan ya ƙi, ba a ce ya yi zalunci ba.

Abin sha'awa shi ne, wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukanmu tun kafin zuwan Turawa, sun haramta ɓoye aibin haja, sun kuma ba mai saye zaɓin ya mayar da ita idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Amma a wurinsu da zarar ciniki ya faɗa ya ɗauru, sai fa idan an gindaya sharaɗin zaɓi tun wajen cinikin, wanda ga tufa suka ƙiyasta shi da kamar kwana uku. Karɓar kaya daga wanda ya yi nadamar saye kuwa, sun ɗauke shi aikin lada ne da ake kwaɗaitar da ɗan kasuwa a kai, ba tilas ba. Ashe dokar Abuja da littafin zaure sun haɗu a wuri guda: aibi haƙƙinka ne, amma daidaiton riga da jikinka aikinka ne, kuma lokacin yinsa shi ne kafin kuɗi su bar hannunka.

MAGANA UKU KAFIN KA ƘIRGA KUƊI

Tun da haka ne, wayayyen mai saye ba ya jira sai ya dawo da kaya sa'an nan ya ji ƙa'idar kanti. Tambaya yake yi tun ana cikin fara'a, bayan an sallama masa amma kafin ya biya, domin a wannan ɗan tsakanin ne kaɗai yake da ƙarfi. Ba abin kunya ba ne ka ce, "Alhaji, idan bai yi wa yaron daidai ba zan iya dawowa da shi? Zuwa yaushe? Kuɗi za a ba ni ko musanya?" Waɗannan tambayoyi uku ba ɗaya ba ne, kuma rigima takan taso ne daga ɗaukar amsar ɗaya a matsayin amsar sauran. Mai kanti yakan ce, "Ba komai, Malam, ka kawo," alhali abin da yake nufi shi ne musanya da wani abu a cikin kantin, yau ko gobe, shi kuwa mai saye ya tafi da zaton ko bayan mako biyu ya dawo za a ƙirgo masa kuɗinsa. Musanya ma tana da nata tarko, domin idan babu lambar da kake nema a ranar, sai ka ga an tura ka ga abin da ya fi tsada ka yi ciko, ko ka ɗauki abin da ba ka so don kada kuɗinka su kwana.

Idan an yi alkawari, a rubuta shi a bayan rasit, da kwanan wata, da sunan wanda ya yi shi. A lura da wannan na ƙarshe ƙwarai. A manyan kasuwanni ba kowane mai tsayuwa a bakin kanti ne mai kanti ba. Akwai 'yan kamasho waɗanda suke tare baƙo tun daga bakin hanya, su kai shi kantin wani, ko su shiga su ɗauko masa kaya daga wani layi, su ɗora la'adarsu. Sana'a ce sananniya, ba a ce haramun ba ce, amma alkawarin ɗan kamasho ba ya hawa kan mai kaya. Gobe idan ka dawo, mai kanti zai ce bai san ka ba, kuma gaskiya ya faɗa. Saboda haka a tambayi lambar kanti da sunan gidan da yake ciki, a tabbatar suna kan rasit. Wanda ya biya ta banki da wayarsa kada ya share saƙon, ya kuma duba ko sunan da ke kan asusun ya dace da na kantin.

Manyan kantunan zamani, irin na rukunin shagunan Kano da Kaduna da Abuja, sukan rubuta ƙa'idarsu, kuma galibi ba ta wuce waɗannan ba: a zo da rasit, a zo cikin kwanakin da aka yanka, takardar farashi tana rataye a jikin tufa, ba a sa ba, ba a wanke ba, babu ƙanshin turare. Wannan na turare yakan kama mutanenmu, domin a gidaje da yawa sabuwar tufa ba ta shiga akwati sai an turara ta. Kamfai da rigar mama da safa ba a karɓarsu kusan ko'ina, saboda tsabta, kuma babu mai hankalin da zai yi gardama da wannan. Kayan da aka karya wa farashi don a rabu da su, su ma sau da yawa sayen ƙarshe ne, sai dai karya farashi ba ya halatta ɓoye aibi.

YADI DA TURMI

A wajen yadi ƙa'idar kasuwa a fili take: abin da almakashi ya taɓa ya zama naka. Yadin da aka yanko maka daga bandir bisa ga umurninka ba ya komawa, domin mai kanti ba shi da tabbacin samun wani mai bukatar daidai wannan tsawo. Turmin atamfa kuwa, muddin takardar kamfani tana manne kuma ninkinsa bai lalace ba, ya fi sauƙin musanyawa. Amma da zarar tela ya sa masa almakashi, ko da daga baya an ga aibi, magana ta yi wuya, domin kowa zai ce ba a hannunsa abin ya faru ba. Don haka wurin duba turmi shi ne kanti. A warware shi duka, yadi shidan nan, a fito da shi bakin ƙofa inda hasken rana yake, domin fitilun cikin kanti suna ƙara wa launi kyau, suna kuma ɓoye inda rini ya tsallake. A ɗaga shi sama a hango rana ta cikinsa, huda da zaren da ya zare nan da nan za su bayyana. A duba baya da gaba. A murza gefensa tsakanin yatsu, idan wani farin gari ya zubo ko wurin ya yi laushi nan take, to kaurin da kake ji na sitaci ne, wankin farko zai tafi da shi. Mai son sanin ko atamfa tana zuba, sai ya jiƙa farin hankici ya goga a can gefe, da izinin mai kaya.

Sa'an nan a san da wane ma'auni ake ciniki. Yadi inci 36 ne, wato santimita 91 da 'yan kai, mita kuwa ta ɗara inci 39 kaɗan. Shadda irin ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya da mita aka saba sayar da ita, yadin maza da atamfa kuwa da yadi. Bambancin kamar ba shi da yawa, amma tsakanin mita biyar da yadi biyar akwai kusan inci 17, abin da ya isa ya hana hannun riga kaiwa wuyan hannu. Mutum ya ce "a ba ni biyar", mai kanti ya yanka biyar, kowa da abin da yake nufi. Faɗi ma abin tambaya ne, domin atamfa takan tsaya tsakanin inci 45 da 48, alhali yadin maza da yawa yakan kai 58 ko 60. Yadi huɗu zuwa biyar da ake cewa yana isar babban mutum kaftani da wando, da mai faɗin ake nufi. Babbar riga da 'yar ciki da wando kuwa sukan ci wajen goma. Hanya mafi sauƙi ita ce a fara zuwa wurin tela kafin kasuwa, ba bayanta ba, ya auna mutum, ya faɗi abin da zai isa bisa ga irin ɗinkin da ake so. Mutanenmu da yawa sun saba juya wannan tsari, su sayo yadi tukuna, sa'an nan su je suna roƙon tela ya yi dabara.

Kada kuma a manta auduga tana tsukewa idan ta sha ruwa. Rigar da tsawonta inci 44 ne, in ta tsuke da kashi uku kacal cikin ɗari, ta rasa fiye da inci guda. Ga yadin auduga zalla wanda ba shi da ƙyallin da ake jin tsoron ɓatawa, gara a jiƙa shi a shanya kafin a kai ɗinki. Shadda kuwa, wadda ba mai son ya wanke ta kafin ya sa, sai a ce wa tela ya bar ɗan rara a tsawo da kalmasa.

LAMBA BA AWO BA CE

Inda aka fi yin asara a yanzu shi ne wajen ɗinkakkun kaya, domin jama'a sun ɗauki lambar da ke wuyan riga kamar hukunci. Alhali kuwa babu wata doka ta duniya da ta tilasta wa masana'antu su yi awo iri ɗaya. Baƙaƙen nan S da M da L da XL kowane kamfani da yadda ya fassara su, kuma kayan da aka ɗinka don kasuwannin Sin da sauran ƙasashen gabashin Asiya sukan fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, har mai sa L a wancan ya bukaci XL ko fiye a wannan. Rigar mata da Ingila ke kira lamba 12, ita ce wajen 40 a yawancin ƙasashen Turai, ita ce kuma 8 a Amurka. Kwat ɗin namiji mai lamba 40 a Ingila, wato kewayen ƙirji da inci, shi ne 50 a Turai. A kasuwa guda, a kanti guda, za ka iya tarar da kayan Turkiyya da na Dubai da na Sin da na Ingila a rataye gefe da gefe, kowanne da harshensa.

Maganin wannan ba shi da tsada: tef ɗin awo irin na tela, wanda ke da inci a fuska ɗaya, santimita a ɗaya. Mutum ya auna kansa, ko ya sa telansa ya auna shi, ya rubuta a takarda ko a waya: wuya, kafaɗa, ƙirji, ƙugu, tsawon hannu, tsawon wando. Ya yi wa iyalinsa haka. Wata dabara da ta fi wannan ma ita ce a ɗauki rigar da ta fi yi wa mutum daidai a gida, a shimfiɗa ta, a auna daga hammata zuwa hammata, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga wuya zuwa ƙasa. Da waɗannan lambobi uku ana iya sayen riga a kantin da ba shi da wurin gwaji, domin sai a shimfiɗa ta kan tebur a gwada ta da tef. Mafi yawan rumfunan kasuwanninmu kuwa ba su da wurin gwaji, kuma ko da akwai, matan aure da yawa ba za su shiga ba.

Waɗansu lambobin, alhamdu lillahi, awo ne na gaskiya. Lambar taguwa mai kwala, irin 15 ko 16 ko 16 da rabi, kewayen wuya ne da inci, kuma 16 ita ce wajen 41 da santimita. Idan an ɓalla maɓallin sama, ya kamata yatsu biyu su shiga tsakanin kwala da wuya. Wandon Turawa mai lamba biyu, alal misali 34 da 32, ta farko ƙugu ce, ta biyu tsawon ƙafa daga hantsa zuwa ƙasa. Abaya da jallabiya kuwa lambarsu, 52 ko 54 ko 56 har zuwa 60, tsawo ce da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba ta ce komai game da faɗi ba, abin da ya sa mace mai jiki da siririya masu tsawo ɗaya za su sayi lamba ɗaya, ɗaya ta ji daɗi ɗaya ta yi kuka. Hula ma da inci ake auna ta, 22 ko 22 da rabi ko 23, a zagaya tef ta goshi da saman kunnuwa. Rabin inci a hula ba wasa ba ne, shi ne tsakanin wadda ta zauna da wadda ke barin zane a goshi bayan sallar Juma'a.

Wanda ya sami wurin gwaji kada ya tsaya ƙiƙam gaban madubi kamar soja. Ya ɗaga hannuwa sama, ya miƙa su gaba, ya zauna, ya tsuguna, ya sunkuya kamar mai ruku'u. Tufar da za a yi salla da ita, a hau babur da ita, a zauna kan tabarma da ita, a tsaye kaɗai ba a gane halinta. A fara duba kafaɗa, domin ita ce mafi wuyar gyara. Tsawon hannu da na wando da faɗin ƙugu duka tela zai rage su da kuɗi kaɗan, amma kafaɗar da ta zarce ko ta gaza sai an kwance rigar gaba ɗaya. Ragewa kullum ta fi ƙarawa sauƙi, don haka idan mutum ya faɗa tsakanin lamba biyu, ya ɗauki babbar. A juya tufar ciki waje a ga ko an bar rarar yadi a ɗinkin, a ja zif sama da ƙasa sau biyu ko uku, a ƙirga maɓallai, a zura hannu cikin aljihu.

Takalmi shi ne sarkin rigima. Tsakanin lamba 42 da 43 a ma'aunin Turai kashi biyu cikin uku ne na santimita, bai ko kai faɗin ɗan yatsa ba, kuma 42 ɗin nan ita ce wajen 8 a Ingila. Ƙafa takan ɗan kumbura da yamma bayan an yini ana tafiya, saboda haka gwajin la'asar ya fi na safe gaskiya. A gwada ƙafa biyu, domin yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗara ɗaya, a kuma taka a yi 'yan taku. Maganar nan ta masu kanti, "zai buɗe in an sa shi", tana da ɗan gaskiya ga fata ta ainihi a wajen faɗi, amma babu takalmin da yake ƙara tsawo, roba kuwa yadda ka saye ta haka za ta mutu.

YARA, LEFE DA CINIKIN BIRI A SAMA

Kayan yara da aka rubuta wa shekaru ba abin dogara ba ne, domin 'yan shekara shida ba tsawonsu ɗaya ba. Kayan Turai da na Turkiyya da yawa suna ɗauke da tsawon yaro da santimita, 104 ga ɗan wajen shekara huɗu, 116 ga ɗan shida, 128 ga ɗan takwas, wannan kuwa ya fi amfani, in dai uba ya tsayar da yaron jikin bango ya auna shi kafin ya fito. Ga takalmi, tsohuwar dabarar iyayenmu ta kara ko tsinken tsintsiya da ake karyawa daidai tsawon ƙafar yaro har yanzu ba ta da na biyu, sai dai a zura shi cikin takalmin a ga ya bar sarari kamar faɗin babban yatsa. Wanda ya fi so ya ɗora ƙafar kan takarda ya zana ta, ya yanke, ya sa a aljihu.

Lefe kuwa matsalarsa dabam ce, domin mai sa kayan ba ta wurin, masu sayen kuma sau da yawa dangin ango ne da ba su taɓa ganinta sosai ba. Ga shi kuma ana saye tun da sauran watanni, ta yadda ranar da za a buɗe akwati a gidan amarya duk wani wa'adin musanya ya daɗe da wucewa. A ganina abin da ya fi shi ne a sayi atamfa da leshi da shadda da wuri, tun da su ba su da lamba, amma takalma da dogayen riguna da 'yan ciki a bar su sai an karɓo awo a rubuce daga wajen amarya ta hannun ƙawa ko 'yar'uwa, a kuma saye su dab da kai kaya, bisa sharaɗin musanya. Kunyar tambayar lamba ta sa takalma masu tsada da yawa sun ƙare a ƙafar ƙannen amarya.

Sai cinikin zamani, wanda ake yi ta WhatsApp da Instagram, inda ake ganin hoto a tura kuɗi a jira ɗan aike. Hausawa sun daɗe da raɗa wa irin wannan suna, cinikin biri a sama. A nan doka ta fi ba mai saye ƙarfi, kamar yadda aka ambata, tun da bai ga kaya ba kafin su iso, amma ƙarfin doka ba ya amfani a kan wanda ba ka san inda yake ba. Kafin a tura ko kwabo, a nemi awon tufar da inci, ba baƙin M ko L ba, a nemi hoton ainihin kayan da ke hannun mai sayarwa, ba wanda ya kwafo daga kamfani ba, a kuma yi maganar wanda zai biya kuɗin mota idan za a mayar. Duk a rubuce, kada a share. Manyan kasuwannin intanet sukan ba da 'yan kwanaki ƙalilan na mayarwa, galibi mako guda, kuma daga ranar da kaya suka iso ake ƙirgawa. Masu yin oda daga Ingila ko ƙasashen Tarayyar Turai su sani dokokin can sun ba mai sayen kaya daga nesa kwana 14 ya fasa ko ba dalili, sai dai kafin kaya su bi ta hannun mai jigila su iso Kano, sau da yawa wa'adin ya cika, kuɗin mayarwa kuma ya fi na rigar.

Gwanjo, irin na Ƙofar Wambai, shi ba a yi masa dogon bayani. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba rasit, ba musanya, lambar da ke wuya kuma ta daina aiki tun da rigar ta sha wanki a wata ƙasa. Tef da hasken rana su ne kaɗai abokan shawara, a duba hammata da kwala da hantsar wando, inda tsufa yake fara nunawa.

IDAN AN ƘI KARƁA

Wanda ya gano aibi na gaskiya kada ya yi jinkiri, kada ya wanke, kada ya kai wa tela. Ya ɗauki hoton wurin, ya koma da kayan da rasit, ya nemi mai kantin da kansa, ba yaronsa ba, ya yi magana cikin ladabi kuma ba a gaban sauran masu saye ba, domin ɗan kasuwa yakan yarda da asara a keɓe wadda ba zai yarda da ita a bainar jama'a ba. Idan abin ya faskara, kowace babbar kasuwa tana da shugabannin layi da ƙungiyar 'yan kasuwa masu sasanta irin wannan, kuma hukuncinsu yakan fi na ofis sauri, tun da mai kanti da su zai kwana ya tashi. Bayan su akwai Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano ga mazauna jihar, akwai kuma FCCPC, wadda take karɓar ƙorafi a ofisoshinta da kuma ta intanet. Duk inda mutum ya nufa cikin waɗannan, abin da za a fara tambayarsa shi ne rasit, da ranar da ya saya, da lambar kantin.